Shayin La'asar a Saman Bene: Me Ake Saye da Wannan Kuɗi?

A birnin Landan na ƙasar Ingila, a gaɓar kogin Tamis ta kudu, akwai wani dogon bene da ake kira The Shard. Tsawonsa mita 310, hawa 72 ne ake amfani da su cikinsa, an kuma yi bikin buɗe shi a watan Yuli na shekarar 2012. Kusan dukan ginin, wato kashi 95 cikin 100, mallakar ƙasar Katar ne. A hawa na 31 akwai gidan abinci da mashaya, a hawa na 52 kuma akwai wata mashayar ta otel ɗin Shangri-La. Da la'asar mutane kan hau irin waɗannan wurare su sha shayi, su ci ƴan yanka-yankan burodi da kayan zaƙi. In rana ta faɗi sai a kwashe butocin shayi, a jera kwalabe, a shiga haɗa abin shan nan da ake kira koktel.

A manyan wuraren Landan, shayin la'asar na mutum guda ya kan kai fam 60 ko fiye da haka, wato wajen jika 45 na kuɗinmu. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a Nijar tun watan Janairu na 2024 kuwa jika 42 ne. Ke nan abin da mutum zai ci ya sha cikin sa'a biyu ya zarce ladan wata guda na ƙaramin ma'aikaci a ƙasarmu.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwanmu da abin da Ingilishi ke yi da kuɗinsu? Akwai ruwanmu. Ma'aikatan gwamnatinmu suna zuwa aiki ƙasashen waje, ana kuma gayyatarsu irin waɗannan wurare. Yamai ita ma ta sami dogayen otel-otel. Kalmar koktel kuwa ta daɗe da shiga takardun gayyata na ma'aikatunmu. Ra'ayina shi ne, a cikin wannan al'ada akwai dabarar da ta cancanci mu koya, akwai kuma almubazzarancin da bai kamata baitulmalin ƙasa ya ɗauki nauyinsa ba. Kafin mu rarrabe su, sai mu san tushen abin.

Inda al'adar ta samo asali

Ingila ba ƙasar noman shayi ba ce. Daga ƙasar Sin ganyen ya fito, fatake na teku suka kai shi Turai. A shekarar 1662 sarkin Ingila Charles na Biyu ya auri wata gimbiyar Fotugal mai suna Catherine, wadda ta saba da shan shayi tun a gidan ubanta, sai matan fada suka yi koyi da ita. Shekaru fiye da ɗari ganyen ya kasance na masu hannu da shuni, domin harajin da ke kansa ya yi nauyi. Sai a 1784 gwamnati ta sauke harajin daga kashi 119 cikin 100 zuwa kashi 12 da rabi, daga nan shayi ya shiga gidan kowa.

Shi kuwa zaman shayin la'asar, ana danganta shi da wata mata ta gidan sarautar Bedford mai suna Anna, wajen shekarar 1840. A zamanin nan manyan mutane ba su cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas. Yunwa ta kan kama ta tsakanin abincin rana da na dare, sai ta riƙa sawa a kawo mata shayi da burodi da man shanu a ɗakinta, daga baya ta shiga kiran ƙawayenta su zo su taya ta. Abin da ya fara da maganin yunwar mace guda ya zama al'ada mai ƙa'idoji: faranti uku a jere bisa juna, na ƙasa burodi mai ɗan gishiri, na tsakiya wani irin gurasa da ake shafa wa kirim da ɗanɗanon ƴaƴan itace, na sama kayan zaƙi.

A lura da wani abu. Ma'aikatan masaƙu da na ramukan kwal su ma suna da nasu shayin, amma sai da yamma lis, bayan an tashi daga aiki, tare da abinci mai riƙe ciki. Wanda zai zauna shan shayi da ƙarfe huɗu na la'asar, mutum ne da ba ya ƙarƙashin ƙararrawar kowa. Tun asali zaman nan shaida ce ta cewa mutum yana da lokacin da zai ɓatar.

Gumin da ke ƙarƙashin buta

Butar azurfa tana da kyaun gani, tarihinta kuwa yana da ɗaci. Sinawa ba su bukatar kayan Ingila sosai, azurfa suke so a biya su da ita. Da azurfar ta yi ta zurarewa, ƴan kasuwar Ingila suka shiga kai wa Sin banjun nan mai sa maye da ake kira ofiyom, wanda ake nomawa a Indiya. Sarkin Sin ya hana, aka yi yaƙi daga 1839 zuwa 1842, Sin ta sha kashi, ta kuma rasa tsibirin Hong Kong. A daidai lokacin Ingilishi suna ta kafa gandayen shayi a Asam ta ƙasar Indiya, aka fara gwanjon shayin Asam a Landan a 1839. A 1848 suka aiki wani masanin tsirrai mai suna Robert Fortune ya shiga ƙasar Sin a ɓoye, ya kwaso iri da dashe ya kai Indiya. Sukarin da ake zubawa a shayin kuwa, shekaru da yawa bayi ƴan Afirka ne suka noma rakensa a tsibiran Karibiyan, har aka yi dokar hana bauta a ƙasashen mulkin Ingila a 1833.

Wanda ya leƙa ƙasa daga saman The Shard zai hangi wurin da ake kira Hay's Wharf, inda jiragen ruwa suka riƙa sauke akwatunan shayi a ƙarni na 19. Kasuwar gwanjon shayi ta Landan an rufe ta a 1998. Yanzu babbar kasuwar gwanjon tana Mombasa, kuma Kenya ce ta fi kowace ƙasa sayar wa Ingila da ganyen shayi. Matar da ke tsinkar ganyen a tuddan Kericho ƴar Afirka ce kamarmu, abin da ke isa hannunta daga cikin fam 60 ɗin nan kuwa bai taka kara ya karya ba. Ganyen da ke cikin buta guda ƴan giram ne kawai. Ribar tana wajen wanda ya san yadda zai shirya zaman, ya sa masa suna, ya sayar.

Labarin koktel

Koktel kuwa daga Amurka sunansa ya yaɗu. Wata jarida ta jihar New York ta bayyana ma'anarsa a 1806: barasa mai ƙarfi da aka gauraya da ruwa da sukari da wani tsimi mai ɗaci. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, mashaya suka koma ɓoye. Shekara guda bayan ɗage dokar, a 1934, aka buɗe Rainbow Room a hawa na 65 na wani dogon bene a New York, abin da ake sha a ɓoye ya hau sama inda kowa zai gani.

Akwai wani haɗi da Ingilishi ke so ƙwarai, barasar jin da ruwan tonik. Ɗacin tonik na kinin ne, maganin zazzaɓin sauro, wanda wasu masana biyu na Faransa suka tace daga ɓawon itace a 1820. Turawan mulkin Indiya suna shan kinin don kariya, suka riƙa gauraya shi da barasa da sukari don kashe ɗacin. Kinin ɗin nan ya taɓa tarihinmu. A 1854 likita William Baikie ya shigo kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kinin kullum, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya ba. Daga nan Turawa suka gane cewa ƙofar cikin Afirka ta buɗe musu. Wanda aka miƙa wa wannan kofi a wurin liyafa, ya kyautu ya san abin da ke cikinsa, ko zai sha ko ba zai sha ba.

Kuɗin tsawo

To, mene ne ya sa sai a saman bene? A da, hawa na ƙarshe rabon matalauta ne. Waɗanda suka yi karatu a Paris sun san ƴan ɗakunan nan na ƙarƙashin rufi, da aka gina don kuyangi, inda ɗalibanmu da yawa suka kwana cikin sanyi. Mai gida yana hawa na farko ko na biyu, mai hidima shi ke taka matakala har sama. Na'urar hawa bene ce ta juya lamarin. A 1854 Elisha Otis ya nuna wa jama'a a New York na'urar da ba ta faɗowa ko igiyarta ta tsinke, a 1857 aka kafa ta farko mai ɗaukar mutane. Da hawa ya daina gajiyarwa, sai masu kuɗi suka koma sama, inda babu ƙura babu hayaniya.

Saboda haka in an kawo takardar biya a hawa na 52, mafi yawan kuɗin na taga ne. Mutum yana sayen kujera inda zai hangi birni duka a ƙarƙashinsa, motoci kamar tururuwa, mutane ba a ko rarrabe su. Ga baƙo mai yawon buɗe ido, wannan nishaɗi ne, ba laifi. Ga ma'aikacin da aka ɗanka wa amanar jama'a kuwa, akwai abin tsoro cikin sabawa da irin wannan hange. Daga can sama ba a ganin rijiyar da ta ƙafe, ba a ganin ajin zana da iska ta kwashe. Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wanda ya hau, a cikin mutanen da ya bari ƙasa zai sauko.

Abin da ya shafe mu

An gina otel Gaweye a bakin kogin Isa a farkon shekarun 1980, zamanin da kuɗin uraniyom ke shigowa. A 2019 kuma, saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli, aka buɗe sababbin manyan otel-otel, cikinsu har da Radisson Blu. Babban birni yana bukatar masaukin baƙi na kirki, wannan ba abin gardama ba ne.

Masu kare liyafar koktel suna da hujjoji, bai kamata a raina su ba. Suna cewa sau da yawa abin da ya gagara a zauren taro a wurin shan shayi ake warware shi, domin can ne mutane ke sakin jiki. Gaskiya ne, mu ma mun san sulhu da yawa a kan tabarma aka ƙulla shi. Suna cewa otel yana ciyar da masu dafa abinci da masu wanki da direbobi. Wannan ma gaskiya ne. Suna kuma cewa ƙasar da ta karɓi baƙo da rowa ta zubar da mutuncinta. Bahaushe ba ya musun wannan, shi da ke cewa baƙonka annabinka.

Amma fa hujjojin nan uku ba su ce a kammala kowane ƙaramin taron ƙara wa juna sani na kwana biyu da koktel ba. Ba su ce a cika tebur da kwalaben da aka yi odarsu daga Turai, alhali mafi yawan waɗanda aka gayyata musulmi ne da ba su sha, sai su tsaya riƙe da lemun kwalba suna kallo. Ba su kuma ce ma'aikacin da aka ba kuɗin guzuri don ya je ya wakilci ƙasa ya dawo da takardun mashaya yana neman a biya shi ba. Kuɗin nan daga harajin mai sayar da albasa a Galmi da mai kiwon awaki a Dakwaro suka fito. In mutum da albashinsa ya hau bene ya sha shayi, tsakaninsa da aljihunsa. In da kuɗin gwamnati ne, to, jama'a na da ikon tambaya.

Akwai kuma batun jin kunya. Wani ma'aikaci in an miƙa masa barasa a ƙasar waje sai ya karɓa, don kada a ce shi baƙauye ne. Wannan tsoro ba shi da tushe. Manyan mashayan nan da kansu suna da jerin haɗe-haɗen da babu barasa cikinsu, domin baƙinsu daga ko'ina suke zuwa. Wanda ya ce a ba shi ruwan ƴaƴan itace, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Abokin tattaunawa kuma ya fi girmama wanda ya tsaya kan abin da ya yi imani da shi.

Namu shayin

Kada mu soki na wasu mu manta da namu. Shayin da muke dafawa a ɗan murhun gawayi shi ma baƙo ne. Ɗanyen ganye ne na ƙasar Sin, sunan ma daga Larabci muka aro shi. Masana tarihi da yawa na cewa ya yawaita a Maroko ne lokacin yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, da ƴan kasuwar Ingila suka rasa kasuwanninsu na arewacin Turai suka juya da hajarsu Tanja da Mogado. Daga can ayarin raƙuma suka tsallako da shi Sahara, Abzinawa da Larabawa suka karɓa, ya gangaro har ƙasar Hausa. Ashe shayin Landan da na Agadas ƴan'uwan juna ne ta wajen fatauci.

Kakanninmu sun ba shi tasu ƙa'ida. Dahuwa uku ake yi, ta fari mai ɗaci, ta biyu matsakaiciya, ta uku mai zaƙi. Ana ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta taru. Babba ake fara miƙa wa, baƙo kuma ba ya tashi kafin kofi na uku. Ba a tambayar mai wucewa ko nawa ke aljihunsa, in ya yi sallama ya sami gurbi. Ta wannan fuska zaman shayinmu ya fi na saman bene daraja nesa ba kusa ba.

Sai dai shi ma yana da aibinsa. Ba mu noma ganyen, sukarin ma galibi daga waje yake zuwa, kuɗin ƙasa ne ke fita kullum a hankali. Sukarin da ake zubawa ya yi yawa, likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi kan ciwon sukari. Ga butar da ke tafasa a ƙofar biro da ƙarfe goma na safe, talaka ya taho daga ƙauye da takardarsa yana jiran a kai ga dahuwa ta uku. Ingilishi sun tsaida wa shayinsu lokaci. Mu ma mu tsaida wa namu, ya zama bayan an tashi daga aiki. Samarin da ke wuni a fada kuwa, yawancinsu rashin aikin yi ne ya zaunar da su, maganin abin yana ga samar musu sana'a.

Abin da za mu ɗauka

Dabarar Ingilishi ita ce, sun ɗauki ganyen da ƙasarsu ba ta nomawa, suka yi masa tsari da tsabta da lokaci, har mutane ke tahowa daga bangon duniya su biya. Mu kuwa muna da abin da ƙasarmu ke fitarwa, muna jin nauyin ɗora shi a teburin baƙi. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi ana kai ta har Ispaniya, inda ake yin wani farin abin sha da ita mai suna orcata, ana alfahari da shi. Mu da muka san kunun aya tun kaka da kakanni, sau nawa muka gan shi a liyafar gwamnati? Ga bisab, ga tsamiya, ga citta, ga lemun Timiya, ga dabinon Kawar, ga cukun Tawa da ya dace da shayi ƙwarai, ga kilishi da ba mu da na biyu wajen yinsa. Baƙon da ya taho daga Turai ya bar irin kwalabensa a gida. Abin da zai ba da labari in ya koma shi ne abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, ma'aikatu su rage liyafar rufe taro, a bar ta ga manyan baƙi na ƙasa. Ta biyu, duk liyafar da baitulmali zai biya, a yi ta da abin ci da abin sha na gida, a saya daga ƙungiyoyin mata da masu sana'a, kada a sa barasa cikin lissafin gwamnati. Ta uku, masu otel su koya wa ma'aikatansu dafa shayin gargajiya da haɗa abin shan gida cikin tsabta, su ba shi lokaci da wuri mai kyau, inda baƙo zai zauna yana kallon faɗuwar rana a kan kogin Isa. Ta huɗu, ma'aikacin da ya tafi aiki waje ya rubuta rahoton abin da ya samo wa ƙasa, a kuma duba takardun kashe kuɗinsa da idon basira.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, karatun da kuka yi ya ba ku ikon duba lissafi. In an yi taro a garinku, ko na ƙungiyar manoma ne, ku nemi a karanta muku nawa aka kashe wajen ci da sha, nawa aka kashe wajen aikin da ya tara mutane. Mata masu haɗa bisab da kunun aya su kula da tsabtar ruwa da ta kwalba, domin kasuwar manyan otel ba ta karɓar ganganci. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. In muka gyara namu, muka sa masa farashi, kuɗin da ke tafiya waje zai tsaya a hannun manomi da makiyayi da mai sana'a na ƙasar nan.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.